YADDA MALAMI ZAI SOMA RUBUTA WA JARIDA MAƘALA

Cikin ɗaliban ko wace kwalejin horon malamai ba a rasa waɗansu da Allah ya hore wa alƙalami. Su ne ke cika shafuffukan mujalla irin wannan, su ne kuma a kan nema in za a tsara jawabin ban kwana ko wasan kwaikwayo. Amma da zarar sun karɓi takardar shaidarsu, an rarraba su makarantun ƙauye, sai alƙalamin nan ya bushe, ba ya ƙara motsi sai wajen kiran suna da duban aikin yara. In ka tambayi ɗayansu dalili, sai ya ce maka ai rubutun jarida na mutanen Ikko ne da Abuja da Kaduna, wa zai kula da takardar malamin firamare daga Lau ko Zing?

To, wannan zato kuskure ne, shi kuwa darasin nan ya ke so ya kawar. Manyan jaridun ƙasar nan galibi wakili ɗaya su kan ajiye a jiha, wata ma ba ta da ko ɗayan. Wakilin nan a Jalingo ya ke zaune, yawancin kwanakinsa kuwa tsakanin gidan Gwamnati da majalisa da ofishin 'yan sanda su ke ƙarewa. Ba laifinsa ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jihar Taraba ƙasa ce mai faɗi, ƙananan hukumomi 16, tun daga bakin Binuwai har ƙwanƙolin Mambila. Abin da ke gudana a kasuwar ƙauye da bakin mashigi da gonar doya, edita ba shi da idon ganinsa sai wani ya ara masa nasa. Malamin da ke zaune a wurin shi ke da idon nan. Wannan shi ne jarinsa na fari. Na biyu kuwa amana ce, watau edita ya sakankance abin da malamin nan ya aiko haka ya ke, ba ragi ba ƙari. Sauran abin da za mu faɗa duka hanyar juya jarin nan biyu ne. Abin da aka ce wa malam kuwa, an ce wa malama.

MECE CE MAƘALA?

Masu rubutu cikin jarida iri biyu ne. Akwai ma'aikacin jarida, mai cin albashi, wanda a ke aika inda aka ga dama. Akwai kuma marubuci mai zaman kansa. Shi wannan ba yaron kowa ba ne, shi ke neman abin da zai rubuta, ya rubuta, ya kai wa editan da ya zaɓa, in an buga a sallame shi a kan wannan aikin kaɗai. Misalinsu kamar baran gona ne da manomin da ke kai amfanin gonarsa kasuwa.

Abin da a ke bugawa ma iri iri ne. Bari mu kawo misali. A watan Agusta na 2024 ruwa ya karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari. Nan da nan jaridu suka buga, gada ta karye a wuri kaza, ran kaza, hukuma ta ce kaza. Wannan shi ne labari, kwana ɗaya ya ke yi ya tsufa. Wani kuma ya zauna ɗakinsa ya rubuta cewa lalle Gwamnati ta gaggauta gyara. Wannan ra'ayi ne, kowa na da nasa. Amma a ce wani ya tashi bayan wata guda ya tafi bakin mashigin ya yini, ya ga yadda a ke ƙetarar da mutane da kaya, ya tambayi masu fito nawa su ke karɓa, ya tambayi direba awa nawa ya ke yi yana jira, ya tambayi mai doya ƙarin da ya hau kan kayansa, ya ji yadda a ke yi da mara lafiya in dare ya yi, sa'an nan ya nemi injiniya ya bayyana masa abin da ke cin gindin gada har ta faɗi. In ya komo ya tsara wannan duka yadda mai karatu a Sakkwato zai ji kamar ya je wurin, to, ya rubuta maƙala, wadda waɗansu ke kira rahoto na musamman.

Wajen labari ba ka iya tsere da wakilin jarida, ko yaushe zai riga ka. Maƙala kuwa ba ta son gaggawa, haƙuri ta ke so da sanin wuri. Don haka ta dace da malami, mai Asabar da hutun makaranta.

MALAMAI NE SUKA SHARE HANYAR

Kada wani ya zaci wannan baƙon aiki ne gare mu. A 1933 Dokta R. M. East na ofishin fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Cikin waɗanda suka yi nasara akwai Malam Abubakar Imam, wanda a lokacin malami ne a Midil ta Katsina, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Midil ta Bauchi. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, a na sayar da ita kwabo guda, malamin nan na Katsina aka ba edita. A 1943 ya tafi Ingila tare da waɗansu 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta abin da ya gani cikin littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mutum ya je, ya gani, ya tambaya, ya komo ya gaya wa waɗanda ba su je ba, ai tushen maƙala ke nan.

Tsakanin 1954 da 1959 kuma hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridunsu, kamar Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Ardo ta Adamawa. A zamanin nan Jalingo na cikin Lardin Adamawa, tana hedkwatar ƙasar Muri. Masu karatun boko a lokacin galibi malaman makaranta ne da malaman En'e, saboda haka daga hannunsu yawancin wasiƙu da labaran garuruwa ke fitowa.

Waɗancan jaridu sun shuɗe, waɗansu sun maye gurbinsu. Akwai Aminiya, wadda kamfanin Media Trust mai buga Daily Trust ya soma fitarwa a 2006. Akwai Leadership Hausa, akwai sashen Hausa na Premium Times a intanet. Jaridun Turanci kuwa su kan ware wa maƙala shafuffuka, musamman a fitowar Asabar da Lahadi. Dā sai ka sayi kan sarki ka jira mako biyu. Yau da wayar hannu takardarka za ta isa teburin edita kafin shayinka ya huce.

ABIN RUBUTU NA ƘOFAR GIDA

Mai koyo ya kan so ya fara da manyan al'amura, siyasar Abuja ko yaƙin wata ƙasa. Edita na da masu rubuta masa waɗannan fiye da bukatarsa. Abin da ba shi da shi, shi ne wanda kai ka ke wucewa kullum ba ka ɗauke shi a bakin kome ba. Ga misalai kaɗan.

Na ɗaya, tarihin gari. Mutane da yawa a Nijeriya ba su san yadda aka kafa Jalingo ba. A 1892 wani hafsan Faransa, Laftana Mizon, ya hauro Binuwai da jiragensa, ya taimaki Sarkin Muri Muhammadu Nya da igwa wajen yaƙar Kona. A 1893 Sarkin ya kafa sansani kusa da wurin, shi ne ya zama Jalingo. Ga Kona nan kusa da gari har yau. Wanda zai rubuta wannan tilas ya zauna da dattawan fadar Muri, ya kuma zauna da dattawan Kona, don abin da wani ke kira nasara, wani asara ya ke kiransa. In ya kawo bakin kowa da ladabi, ya yi maƙalar da za a yanke a ajiye.

Na biyu, itacen maɗobiya, wanda a ƙasar nan aka laƙaba wa suna madrid. Shekarun baya an yi ta saransa a dazuzzukan Bali da Garba Chede, a na loda wa manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, a kai ƙasar Sin a yi kujeru da gadaje. A 2016 taron ƙasashen duniya da aka yi a Afirka ta Kudu ya sa shi cikin itatuwan da ba a cinikinsu tsakanin ƙasa da ƙasa sai da izini. To, yanzu yaya dajin ya ke? Samarin da suka bar makaranta suka shiga sara, ina suka kwana? Makiyayan da ke ba dabbobinsu ganyensa da rani, da me suka maye shi? Malamin da ke koyarwa a wajajen nan zai iya samo amsa cikin Asabar uku.

Na uku, sana'a da albarkar ƙasa. Ga doyar Mumuye a Zing da Yorro. Ga ganyen shayi a Kakara bisa Mambila. Ga gandun dajin Gashaka Gumti, wanda babu kamarsa wajen girma cikin gandayen Gwamnatin Tarayya, a nan ne kuma dutsen Chappal Waddi ya ke, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi ko wane dutse tsawo a Nijeriya. Ga bikin kamun kifi na Nwonyo a Ibi.

Amma a lura, "Noma a Jihar Taraba" ba kan maƙala ba ne, kan littafi ne. Sai ka yi ta rage shi har ya zama tambaya guda wadda za ka iya amsawa da ƙafarka da kunnenka, alal misali, "Tsakanin manomin Zing da mai ci a Kano, hannu nawa doya ke bi, wa ya fi cin ribarta?" Sa'an nan ka nemi dalilin da zai sa a buga ta yanzu, domin edita zai tambaya. Ko dai lokacin abin ne ya zo, kamar kakar doya, ko kuwa ranar tunawa ce ta kewayo. Ran 27 ga Agusta 1991 aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola. A watan Agusta na 2005 ambaliya ta karya gadar Nukkai a nan Jalingo, mutane da yawa suka rasu. Ko wace damina in ta kankama, maƙala a kan mazauna bakin Lamurde da Mayo Gwoi tana da dalilin fitowa. Ka shirya ta tun da sauran wata guda, don ba a fafe gora ranar tafiya.

TATTARA KAYAN AIKI

Kayan aikinka ƙaramin littafin aljihu ne, da alƙalami biyu, da waya mai caji. Ko wace maƙala tana bukatar bakin mutum uku aƙalla: wanda abin ya shafa, da masanin da zai bayyana dalilinsa, da hukumar da abin ke wuyanta. Ba ka rasa masana a Jalingo, ga Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, ga Kwalejin Aikin Gona. Tun da fari ka gaya wa kowa ko kai wane ne, ka kuma gaya masa abin da ya faɗa jarida za shi. In za ka ɗauki muryarsa ko hotonsa, nemi izini. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa.

Rubuta sunan mutum a gabansa, ka karanta masa ya tabbatar, haka sarautarsa ko matsayinsa. Wanda ka ɓata wa suna a rubuce ba zai yarda da sauran abin da ka rubuta ba. Abin da ke ƙirguwa, ƙirga shi da kanka. Kada ka ce "motoci barjat", tsaya ka lissafa, ka rubuta ranar da sa'ar da ka lissafa. In wani ne ya ba ka adadi, ka ce wane ne ya bayar. Jita-jitar tasha da abin da aka turo maka a WhatsApp ba shaida ba ne, alama ce kawai ta inda za ka je ka bincika. Gani ya kori ji.

In hukuma ta ƙi magana, akwai dokar 'yancin neman bayani ta 2011, wadda ta ba ko wane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin Gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ɗibar wa ofishin kwana 7 ya amsa. In ka nema ba a ba ka ba, sai ka rubuta cikin maƙalar cewa ka nema ran kaza, ba a amsa ba. Wannan ma bayani ne.

Akwai wata baiwa da ɗan Taraba ke da ita, ya kan raina ta. Jiharmu na cikin waɗanda suka fi yawan harsuna a Nijeriya. Baƙon ɗan jarida sai da tafinta, tafinta kuwa ya kan tace magana. Kai da ka ke jin Fulatanci ko Mumuye ko Jukun ko Mambila, tsohuwa za ta gaya maka cikin harshenta abin da ba za ta gaya wa baƙo ba. Sai dai in ka zo juyawa, juya abin da ta ce, kada ka ƙara mata gishiri.

GININ MAƘALA

Maƙala kamar darasi ce a aji, wanda kuwa ya iya shirya darasi ya yi rabin tafiya. In ka shiga aji ka fara da dogon sharhi, kafin ka kai ga magana yara sun yi barci. Haka mai karatun jarida, shi ma ya fi su, don ba mai hana shi juya shafi.

Dubi wannan mabuɗi: "Kamar yadda kowa ya sani, noma tushen arziki ne, kuma tun zamanin kakanninmu a ke yinsa." Ba ƙarya a ciki, amma ba wanda zai karanta layi na biyu. Dubi wannan kuma: "Kafin a kira assalatu motoci sun riga sun jeru a bakin kasuwa, mata na sauke doya daga ka, dillali na zagayawa da tocila yana duba ƙwarya ƙwarya." Nan ka kama hannun mai karatu ka kai shi wurin. Amma sharaɗi ne ka ga abin da idonka, ba a ƙaga mabuɗi don daɗi.

Bayan mabuɗi, cikin sakin layi na biyu ko na uku, gaya masa a fili abin da maƙalar ta ƙunsa da dalilin da ya sa ya kamata ya damu. Daga nan sai jiki. Ko wane sakin layi magana ɗaya, ka riƙa cuɗanya abin da ka gani da abin da aka gaya maka da abin da lissafi ya nuna. Tambayoyi shida na ɗan jarida, watau wa, me, ina, yaushe, yaya, don me, duka su sami amsa kafin ka rufe. Ra'ayinka kuwa ka riƙe abinka, mai karatu na da hankali. In ka gama, tsaya. Kada ka rufe da wa'azi ko jerin kiraye-kiraye ga Gwamnati.

Kalma 800 zuwa 1,200 sun isa mai farawa. In ka rubuta, bar ta ta kwana, kashegari ka karanta da ƙarfi, duk inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. In da Hausa ka ke rubutu, kula da abu biyu. Na ɗaya haruffa masu lanƙwasa, don ƙasa dabam kasa dabam, ɓata dabam bata dabam. Na biyu, Hausar kasuwar Jalingo ta kan haɗa namiji da mace a ce "ya zo" ga kowa. A baki ba laifi, kowa ya gane, amma edita daidaitacciyar Hausa ya ke bugawa.

TAKARDA ZUWA GA EDITA

Kafin ka aika wa jarida kome, karanta ta wata guda cur. Lura da shafin da a ke sa maƙala, da tsawonta, da irin abin da su ke so, da wanda suka riga suka buga. Nemi sunan editan shafin da adireshinsa na imel, galibi suna cikin jaridar. Sa'an nan ka rubuta masa gajeriyar takarda, kamar haka:

"Zuwa ga Edita. Bayan gaisuwa, ni malamin makaranta ne a ƙaramar hukuma kaza ta Jihar Taraba. Ina so in rubuta muku maƙala mai kalma 1,000 a kan hannuwan da doya ke bi daga gona zuwa kasuwannin Arewa. Na riga na zanta da manoma da dillalai da direbobi, zan kuma ji ta bakin malamin gona. Ina da hotuna biyar da na ɗauka da kaina. Kakar doya ta kusa, zan iya miƙo ta ran kaza. In kun amince, ina so in san abin da ku ke biya. Ga lambar wayata."

Shi ke nan, ba kirari, ba roƙo, ba tarihin rayuwa. Tun da edita bai san ka ba tukuna, a karon fari ya fi kyau ka haɗa da maƙalar gaba ɗaya ya ga hannunka. In mako biyu suka wuce shiru, tuna masa sau ɗaya da ladabi. In shirun ya ci gaba, sanar da shi ka janye, ka kai wa wani. Kada ka kuskura ka aika wa jarida biyu maƙala ɗaya a lokaci guda. In duka suka buga, ka rasa ƙofa biyu rana ɗaya. In edita ya rage maka rubutu ko ya sake kai, kada ka yi fushi, ajiye naka kusa da wanda aka buga ka gwada, darasi ne kyauta. Ranar da ka yi alkawari kuwa, cika ta ko ana ha-maza-ha-mata.

BATUN KUƊI

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu. Jaridu da yawa a ƙasar nan ba su biyan ko anini a kan wasiƙa da ra'ayi, waɗansu ma har maƙala su kan so kyauta. Masu biya kuwa su kan jinkirta. Saboda haka kada wanda ya ajiye alli don an buga sunansa sau biyu. Ba laifi ka ba da biyu ko uku na fari kyauta, don su ne samfurin da za ka nuna gaba. Bayan wannan sai ka tambayi lada kafin ka miƙa aiki, a kuma rubuta maka amsar, ko da a saƙon waya ne. Yi lissafin kuɗin mota da na kwana kafin ka tashi. Daga Jalingo zuwa Gembu kusan tafiyar yini ce, in lada bai kai kuɗin mota ba, ka yi aikin baban giwa. Wannan ma wani dalili ne na farawa da abin da ke kusa. Ka ajiye littafi guda, ka riƙa rubuta kan maƙala, da inda ka aika, da ranar da aka buga, da ranar da aka biya. Ko wace da aka buga kuma ka adana ta.

RAMUKA BIYAR

Na ɗaya, ɓata suna. Dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta sa shi cikin laifuffuka, wanda aka ɓata kuma na iya neman diyya a kotu. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama 'yan jarida da shi. Marubuci mai zaman kansa ba shi da lauyan kamfani a bayansa. Kada ka zargi kowa da abin da ba ka da shaidarsa a hannu, wanda ka zarga kuma ka ji ta bakinsa kafin a buga.

Na biyu, ambulan. Za ka je wurin wani babba ya miƙo maka na goro ko kuɗin mota. Ran da ka karɓa, alƙalaminka ya zama nasa. Ƙa'idodin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana wannan. Ka yi godiya, ka ce aikinka ya hana.

Na uku, satar rubutu. Kwafo aikin wani daga intanet ka sa sunanka daidai ya ke da satar amsa a jarrabawa, wadda mu ke horon yara a kanta. Edita kuwa cikin minti ɗaya zai gano.

Na huɗu, dokar aiki. Malamin Gwamnati ma'aikaci ne, ƙa'idodin aikin Gwamnati kuwa sun taƙaita wa ma'aikaci rubutu cikin jarida a kan sha'anin mulki da siyasa da asirin ofis ba da izini ba. Karanta su, ka shawarci hedimasta. Kada ka rubuta a kan makarantar da ka ke koyarwa ko yaran ajinka, amana ce a hannunka. Tarihi da sana'a da al'ada da daji sun ishe ka shekaru.

Na biyar, shi ne mafi zurfi, ƙabila da addini. Jihar nan ta ga rigingimu a Wukari da Takum da Mambila da waɗansu wurare, an yi asarar rayuka da dukiya. Kalma ɗaya ta ganganci tana iya tada abin da ya kwanta. In mutum ɗaya ya yi laifi, kada ka jingina shi ga ƙabilarsa. In rigima ce, kada ka rubuta sai ka ji ko wane ɓangare. In ba ka iya zuwa wajen ɗayan, bar maƙalar ga wanda zai iya. Magana zarar bunu ce.

AIKIN YI

1. Ɗauki jarida guda ta wannan mako, ka ware labari ɗaya, ra'ayi ɗaya, maƙala ɗaya. Bayyana abin da ya bambanta su.

2. Rubuta abubuwa biyar na garinku waɗanda mutumin Kano ko Ikko bai sani ba. Mai da ko wanne ya zama tambaya guda.

3. Zaɓi ɗaya, ka zanta da mutum uku a kansa cikin wannan hutu, ka rubuta kalma 800.

4. Rubuta wa edita takardar da ba ta wuce layi goma ba, ka ba abokinka ya duba. In bai gane abin da ka ke nufi ba a karatu ɗaya, sake ta.

Wanda ya gama na uku, ya fara kawo wa shafin Hausa na wannan mujalla, a nan ne gyara ba ya zafi. Da koyo a kan iya, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya sa su zama na gaskiya da zaman lafiya, amin.